Ta yaya ake gane ƙungiyar kwaleji ta makara wajen ɗaukar 'yan wasa?

Mai_Tambaya: Jama'a, a ƙwallon Amurka na kwaleji, wata ƙungiya ta shiga watan Mayu da 'yan sakandare biyar kacal da suka yi alkawarin buga mata wasa, abokiyar hamayyarta kuwa tana da goma sha biyar. Ta makara ke nan?

Ɗan_Fili: Ɗan'uwa, ba a yanke hukunci a Mayu. Yawancin ziyarar da 'yan wasan ke kai wa jami'o'i, wadda jami'o'in ke ɗaukar nauyinta, a Yuni ake yi, alkawura su biyo baya har cikin Yuli. Ka jira ƙarshen Yuli. Kuma alkawarin baki ne, ba ya ɗaure kowa. Yaro na iya sauya sheƙa har ranar sa hannu a Disamba, tsarin da aka fara a 2017, ko a Fabrairu.

Mai_Lissafi: Jadawalin 247Sports, shafin da ke jera ƙungiyoyi bisa 'yan wasan da suka samu, na yaudarar mutane a farkon shekara, domin makin ƙungiya na ƙaruwa da yawan waɗanda ta samu. Duba matsakaicin darajar kowane ɗan wasa, wadda ake nunawa da taurari. Biyar masu tauraro huɗu sun fi goma sha biyar masu uku.

Sannan ƙirga guraben: nawa ke kammala karatu, a wane matsayi? Idan lokacin zafi na Amurka, wato Yuni zuwa Agusta, ya wuce babu mai jefa ƙwallo, ɗan wasan da ke jagorantar kai hari, wannan abin damuwa ne, don su ake fara kwashewa.

Ɗan_Fili: Haka ne, Malam. Tun 2018 da aka buɗe rajistar sauya makaranta, inda 'yan wasan kwaleji masu son komawa wata jami'a ke sa sunansu, masu horarwa na barin gurabe da gangan don gogaggun 'yan wasa. Amma manyan 'yan layin gaba, wato ƙartin da ke tare abokan hamayya, suna wuyar samu a can, gara a rene su daga sakandare.