Cocin St Colman na garin Cobh: a ina ake tsayawa a ɗauki hoton nan?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Cork, ƙasar Ayilan. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Kent zuwa Cobh, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Hoton nan da ke yawo a intanet ne ya kai ni: gidaje masu fenti kala-kala sun jeru suna gangarowa daga kan tudu, babban cocin St Colman a bayansu, ga ruwa can ƙasa. Na zaga har ƙafafuna suka yi tsami, ban gano wurin ba. Wanda na ɗauka a gindin cocin kuwa, hasumiyar ta fito kamar za ta kife ta baya, ƙolinta ma bai shiga ba, ginin ya yi baƙi ƙirin. Wajen ƙarfe goma na safe ne, kuma da waya na ɗauka. A ina ake tsayawa? Sannan ana barin wanda ba Kirista ba ya shiga ciki da kyamara?

Baba Maihoto:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ba laifin wayarka ba ne. Hasumiyar nan ta kai kusan mita 91, kuma cocin a kan tudu yake. Duk wanda ya tsaya a gindinsa dole ya ɗaga kyamara sama, da zarar ka ɗaga ta kuwa, bangon da ke miƙe sai ya karkace. Maganinsa ka yi nisa, ka samu tudun da ya kusa daidaita da ginin, ka riƙe wayar a miƙe, sannan ka zuƙo.

Gidajen da kake nema suna kan titin West View, guda 23 ne, an gina su tun wajen 1850, kowanne ya ɗara na ƙasa da shi tsawo saboda gangaren. Akwai ɗan filin shaƙatawa a gabansu, daga nan ma hoto na fita. Amma wanda kake gani a intanet daga Spy Hill ake ɗaukarsa, titin da ke sama da filin. Katanga ce a wurin da ta fi ƙarfin kan mutum, shi ya sa ka wuce ba ka sani ba. Za ka ga mutane sun miƙa hannu sama da waya kamar masu roƙon ruwa, to nan ne. Sandar riƙe waya tana taimakawa. Kada dai ka hau katangar, da masu ita.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce babba. Gidajen da fuskar cocin duk yamma suke kallo. Da safe rana tana bayansu, kai kuma kana fuskantarta, ka ga dalilin baƙin da ka samu. Je bayan la'asar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, kana da lokaci har ka gaji. A Disamba kuwa kafin biyar duhu ya yi, sai ka yi sammako da yammar. Kuma kada gajimare ya hana ka fita. Dutsen ginin toka-toka ne, fentin gidajen ya fi fitowa sarai idan an ɗauke ruwa, titi na sheƙi.

Hajiya Mai Gilashi:
Ƙanena, shiga abinka, babu mai tambayarka addininka a bakin ƙofa. Ni da hijabina na shiga. Wurin ibada ne da ake amfani da shi kullum, nan ne mazaunin bishop, wato babban limamin coci, na yankin Cloyne, saboda haka in ka tarar ana ibada, ko ɗaurin aure, ko jana'iza, mayar da wayar aljihu ka jira. Kashe filasha da ƙarar kyamara. Ciki akwai duhu, sai ka jingina gwiwar hannu a bayan benci don kada hoton ya girgiza. Babbar tagar nan mai zagaye da ke saman ƙofa, taɓa gilashin a allon wayar ka rage haske, in ba haka ba launukan za su wanke su koma fari fat.

In ka je ranar Lahadi da yamma a lokacin bazara, akan kaɗa ƙararrawa. Guda 49 ne a hasumiyar, babbar ta haura tan uku da rabi. Ɗauki bidiyo a nan.

Gwani Na Teku:
Da izinin Baba, ni hoton Spy Hill ya ishe ni. Kowa da irinsa, gida ɗaya, kusurwa ɗaya, bambancin kawai launin sama. Malam, in kana son naka na kanka, hau kwalekwalen da ke zuwa tsibirin Spike ka tsaya ta baya. Yana barin gaɓa za ka ga garin ya hau tudu hawa-hawa, cocin ya danne komai. Haka masu ƙaura suka riƙa ganinsa, kuma mutum wajen miliyan biyu da rabi ne suka bar ƙasar ta wannan tashar tsakanin 1848 da 1950. Kuɗin da ire-irensu suka aiko daga Amurka da Ostireliya na cikin abin da aka yi ginin da shi. Masu zanen gine-gine Pugin da Ashlin ne suka zana cocin, aka fara a 1868, ba a yi bikin tsarkake shi ba sai 1919. Mutum 123 da suka hau Titanic daga nan ranar 11 ga Afrilu 1912, lokacin ana kiran garin Queenstown, ba su ga hasumiyar a kammale ba, sai 1915 aka gama ta. Kwalekwale na rawa, don haka ɗauki da yawa a jere ka zaɓa. Kuma duba ranar da babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ba ya tashar, domin idan ya tsaya yakan tare rabin garin.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, Gwani. Asabar mai zuwa zan fara da kwalekwalen, in hau Spy Hill bayan la'asar. Baba, sandar wayar nan ta kai ta leƙa katangar ga mutum gajere irina, ko sai na nemi dogon aboki?