65536 ko 65530: bambancin shida ya isa a gyara takarda?

Auwalu: Jama'a, ku raba mu da Malam Nura. Tsohuwar takardar bayanin kernel ɗin Linux (wato zuciyar tsarin) ta ce ƙimar asali ta vm.max_map_count, iyakar yankunan ƙwaƙwalwa da manhaja ɗaya ke iya riƙewa, 65536 ce, daga baya aka gyara zuwa 65530. Ni na ce an ɓata wa masu duba gyare-gyare lokaci ne kawai. Shida fa!

Malam Nura: Shidan nan da dalilinta, Auwalu. A cikin kernel an ɗauki 65535, mafi girman lambar da bit 16 ke iya riƙewa, aka debe 5. Idan manhaja ta faɗi aka juye ƙwaƙwalwarta cikin fayil irin na ELF, kowane yankin ƙwaƙwalwa da take riƙe da shi yana cin gurbi ɗaya, guraben kuma da iyakarsu. Biyar ɗin an bar su ne don ƙarin bayanan da kernel ke cusawa. Wanda ya karanta 65536 zai zaci lambar da ta zo hannu aka ɗauka.

Hauwa: Ku yi haƙuri, kun makara dukanku. Ku buga cat /proc/sys/vm/max_map_count a Ubuntu 24.04, 1048576 za ku gani. Fedora ta ɗaga tata tun fitowa ta 39, don wasannin Windows da ake kunnawa ta Proton suna faɗuwa idan yankunan suka ƙare. To wace takardar ce daidai?

Malam Nura: Malama Hauwa, kernel bai canza ba. Masu rarraba tsarin Linux, irin su Ubuntu da Fedora, su ne ke ajiye fayil a /usr/lib/sysctl.d ko /etc/sysctl.d ya danne ƙimar lokacin tashi. Takardar kernel abin da kernel ke yi take faɗa.

Auwalu: Ni dai a sabar aiki Elasticsearch, shirin binciken bayanai, ba ya tashi sai an kai 262144. Ko 65530 ko 65536, ƙin tashin ɗaya ne.

Sadiku: Oga Auwalu, ka ce wani ya rubuta ɗan shirin sa ido daga tsohuwar takardar: duk sabar da ba 65536 ba, an taɓa ta. Sabobin da ba wanda ya taɓa duk za su yi ta kuwwa tsakar dare, kai kuma za a kira.

Auwalu: Wanda ya kwafi lamba daga takarda bai leƙa /proc ba, shi ya jawo wa kansa.

Sadiku: In sai an leƙa kafin a yarda da ita, me ya sa ake rubuta ta?