Mun horar da matasa amma aiki bai samu ba: a ina muka kuskure?

Ma'aikaciyar sa-kai:

Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta, kuma shekara biyu ke nan muna koya wa matasa sarrafa kwamfuta, da rubuta takardar neman aiki, da yadda ake amsa tambayoyi a wajen tantance ma'aikata. A ƙarshen kowane zango mukan raba takardun shaida, mu aika wa masu ba mu tallafi rahoto da hotuna, su kuma su yaba mana. A watan jiya na ɗauko rajistar waɗanda muka yaye, na yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar mafi yawansu suna zaune a gida. Wata yarinya da ta fi kowa ƙwazo a ajinsu ta ce mini takardar shaidarmu tana nan cikin jaka har ta fara koɗewa, ba wanda ya taɓa cewa ta nuna masa. Maganar nan ta hana ni barci. Ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga wannan aiki su nuna mini inda muka kuskure.

Tsohon jami'in horarwa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kiran nan da kika yi shi ne abin da ƙungiyoyi da yawa suke gudu, domin sun san amsar da za su ji. A ganina, kun fara daga aji, alhali daga wurin masu ɗaukar ma'aikata ya kamata a fara. Kafin ku tsara darasi ko ɗaya, ku zaga kamfanoni da ma'aikatu da ƙananan masana'antu, ku tambaye su wane gurbi ne yake ba su wahalar cikewa, da kuma abin da ya sa suka sallami mutum na ƙarshe da suka ɗauka. Amsar da za su bayar ita ce manhajarku. Ni kaina na yi shekaru ina koyar da abin da na iya, ba abin da ake nema ba, kafin wani manajan ɗakin ajiyar kaya ya ce mini shi ba mai buga rubutu yake nema ba, yana neman wanda zai ƙirga kaya ya shigar da lissafi daidai, ya kuma zo a kan lokaci.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar Goodwill, wadda Edgar Helms ya kafa a birnin Boston na Amurka a 1902, ta fara ne da tattara tsofaffin kaya daga gidajen masu hali, ta ɗauki talakawa suna gyara su ana sayarwa, wato a cikin aikin ake koyon aikin. A Jamus kuma, inda aka yi dokar koyon sana'a a 1969, ɗalibi yakan raba makonsa tsakanin makaranta da kamfani, kuma ana biyansa alawus. Ba za ku iya kwaikwayon Jamus ba, amma za ku iya roƙon masu kamfanoni su karɓi ɗalibanku na 'yan makonni kafin yaye. Wanda ya ga aikin yaro da idonsa ba ya buƙatar takardar shaida.

Mai tantance ma'aikata:

Na yarda da Malam, sai dai ina so in ƙara abin da nake gani a kan teburina, 'yar'uwa. Da zarar takardu sun zo daga ƙungiya ɗaya nakan gane, domin duk da jimla iri ɗaya suke buɗewa, kowa mai gaskiya ne, mai aiki tuƙuru. Wannan ba ya gaya mini komai. Ku koya musu su karanta tallan gurbin da kyau, su sake rubuta takardar domin wannan gurbin kaɗai, su faɗi abin da suka taɓa yi da hannunsu, ko da riƙe lissafin shagon wani ne.

Sannan guraben aiki da dama ba a tallata su. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun mutanen da ake gamuwa da su jefi-jefi, ba aminai ba, domin amininka abin da ka sani shi ya sani. Matashin da ya tashi cikin rashi ba shi da irin waɗannan mutane, kuma nan ne ƙungiya take da amfani: ku zama masu gabatar da shi. Ku kuma gargaɗe su game da masu neman kuɗi kafin su ba da aiki. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta tanadi cewa bisa ƙa'ida kamfanonin samar da aiki ba za su karɓi kuɗi daga mai neman aiki ba.

Wanda ya taɓa cin gajiyar horo:

Malama, ina neman izinin manya in sa baki. Ba duk laifin ne naku ba, domin horo ba ya ƙirƙiro gurbin da babu shi. Amma akwai abin da ba a ambata ba. Ni wata ƙungiya ce ta samo mini aiki, na kuma rasa shi a mako na uku, saboda ba ni da kuɗin mota kafin albashin farko ya fito, kuma kunya ta hana ni faɗa. Na makara sau huɗu, aka sallame ni. Da wani ya kira ni a makon farko ya tambaye ni halin da nake ciki, da na faɗa masa. Mata masu goyo da muka yi karatu tare kuwa, rashin mai riƙe musu yara ne ya mayar da su gida.

Ma'aikaciyar sa-kai:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ƙanena, labarinka ya fi taɓa ni, kuma zan nemi a ware wani abu domin kuɗin motar watan farko. Damuwata ita ce masu tallafi, waɗanda yawan waɗanda aka horar kawai suke tambaya.

Tsohon jami'in horarwa:

Ki ba su adadin da suka nema, Malama, sannan ki ƙara musu layi biyu a rahoton: nawa ne suka sami aiki, nawa ne kuma suke kan aikin bayan wata shida. Ki rubuta gaskiya ko da adadin bai yi kyau ba, ki haɗa da dalilan da yaran suka faɗa miki a waya, domin da su za ki kafa hujjar neman kuɗin bibiya a kasafin baɗi.