Me ya sa samarinmu ke tsintar ƙarfe amma su bar leda?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu 'yan samarin layinmu mun haɗa kai muna yashe kwata kafin damina, don kowa ya san abin da ruwa ke yi wa unguwarmu Mabera a Sakkwato in magudana ta toshe. Abin da muke ta fiddowa ledar fiya wata ce da baƙar leda. Ƙarfe da gwangwani kuwa ko ɗaya, 'yan bola jari sun riga mu. Da muka roƙi gidaje su riƙa ware leda daban, sa'anninmu ne suka fara yi mana dariya, wai mun koma 'yan shara. Ya za mu yi su karɓi abin?

Manomin Kwalkwalawa:
Wa alaikumus salam. Yaro, Allah shi yi maka albarka. Da can mu ka biyan mai jaki shi kai muna juji gona, don toka ce da kashin awaki da ɓawon albasa, taki na gaske. Yanzu sai ka sa yara sun tsince leda kafin ka watsa, in ba haka ba kwasa, wato fartanya, ta yi ta sarƙewa, ruwa kuma shi ƙi shiga ƙasa. Ka tambayi mahauta ma: akuya ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, sai an yanka a iske dunƙulen leda cikin tumbi. In gidajenku za su ware ta, sauran ni zan saya.

Maman Biyu:
Ƙanena, dariyar nan ba ƙin tsafta ba ce. Ka taɓa ganin gorar roba ta kwana kan bola? Masu zoɓo da kunun aya suna saye, shi ke nan. Tun da daɗewa ake tsaftar ƙarshen wata da tilas, da an ɗauke ido a koma gidan jiya. Ku bar wa'azi, ku nemo mai sayen ledar fiya wata a kilo. Ranar da aka miƙa wa ɗaya kuɗin kati a hannu, masu dariyar za su zo da buhunansu.

Ɗan Runjin Sambo:
Hajiya, baƙar leda fa wa zai saya? Ƙasar Ruwanda hana ta ta yi tun 2008. Mu nan ko barkonon naira hamsin sai an ƙulla maka a leda biyu.

Ɗan Mabera:
Baba, mun riƙe maganarka. Amalanke nawa za ka iya ɗauka a mako, kuma wa zai biya kuɗin kaiwa?