Neman kalmar Hausa: me za mu kira aril a darasin sinadarai?

Malamar sakandare: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis da safe za a naɗi darasina na rediyo domin ɗaliban ajin ƙarshe, kuma kalma ɗaya ta gagare ni, wato aril. Benzin zobe ne na ƙwayoyin kabon 6, kowacce riƙe da haidirojin ɗaya. Idan aka cire haidirojin guda, abin da ya rage, C6H5, yana samun gurbin da zai maƙale a jikin wani sinadari, kuma sunansa fenil. Shi da danginsa, irin su tolil da naftil, su ake kira aril a dunƙule. Na rubuta "rukunin aril", amma hankalina bai kwanta ba.

Mai fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Ki bar "rukuni", domin da shi muke kiran layukan tsaye na jadawalin sinadarai, kuma ɗalibi zai zaci akwai layin aril kusa da na kulorin. "Gungun aril" ya fi.

Tsohon malamin Hausa: Ba gungu ne damuwata ba, aril ɗin ne. Turawa sun yanko shi daga kalmarsu mai nufin abu mai ƙamshi, suka liƙa masa ɗafa-ƙeya. Mu ma muna da ɗafa-ƙeya. Na daɗe ina ba da shawarar "ƙamsau", a kan sikelin mantau da gagarau, kuma duk Bahaushen da ya ji zai gane.

Malamin jami'a: Allah ya gafarta Malam, zai gane, amma kuskure zai gane. Sunan ya samo asali ne a ƙarni na 19, lokacin da sinadaran farko da aka sani a wannan dangi suka kasance masu ƙamshi. Tun da masanin sinadarai Kekulé ya bayyana siffar zoben a 1865 ma'anar ta fara barin hanci ta koma ga gini, kuma yau abin da ake nufi shi ne zobe shimfiɗaɗɗe wanda ƙwayoyin lantarki (6 a benzin) suka bazu a kewayensa, suka ba shi ƙarko na musamman. A farfasa ƙwayar farasitamol a shinshina, ba wani ƙamshi, alhali zoben yana cikinta. Man na'a-na'a kuwa ƙamshinsa ya cika ɗaki, amma mentol ɗin da ke cikinsa zobensa ba na wannan dangi ba ne.

Tsohon malamin Hausa: To, Turawa sun riƙe kuskurensu fiye da shekara 150 ba wanda ya ce musu uffan, sai mu ne za a hana? Kuma ku da kuke rawar jiki da benzin, kun san daga ina ya fito? Daga Larabci "luban jawi", ƙaron da iyayenmu mata suke turare da shi, muke ce masa jawul. Kayanmu ne aka aro, aka canza masa riga, aka dawo mana da shi.

Malami daga Damagaram: Ranka ya daɗe, tarihin gaskiya ne, sai dai a nan Nijar da Faransanci ake karatu, kuma a can ma aril ake cewa. Idan muka riƙe aril, yaron Damagaram da na Zariya sun haɗu a kalma ɗaya, kuma ita za su tarar a takardar jarrabawa.

Tsohon malamin Hausa: Masu kiran makaranta lakwal ba su ne za su koya mini tsaron harshe ba.

Malami daga Damagaram: Masu cewa firamare da sakandare ma sai su yi haƙuri, Malam.

Malamar sakandare: Don Allah iyayena, saura kwana biyu. Ga abin da na tsara: "gungun aril, wato zoben benzin da aka cire wa haidirojin ɗaya". Ya yi?

Malamin jami'a: Ki ce "zobe irin na benzin", saboda naftil zobba biyu ne a manne. Sannan ki ja kunnen ɗalibai a kan benzil, C6H5CH2, wanda sunansa ke ruɗarsu kowace shekara: ta kabon na wajen zobe yake maƙalewa, don haka ba aril ba ne. Alamar aril kuma, wato Ar, ki faɗa musu cewa a nan ba iskar agon ake nufi ba.

Tsohon malamin Hausa: Ban yarda da aril ba, kuma ba zan rubuta shi a takarduna ba. Amma tunda lokaci ya ƙure, ki yi amfani da shi, da sharaɗin ki ambaci jawul ko da sau ɗaya ne, yara su san inda sunan benzin ya fito.

Malamar sakandare: Jawul zai shiga a gabatarwa, Baba. Ƙamsau kuwa na ajiye shi tukuna, domin mako mai zuwa akwai alkil, kuma zan dawo.