Gudumar bindigar kakana ta ƙi tsayawa

Salamu alaikum, masana gyaran bindiga. Na gaji tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu daga kakana a Argungu, ƙirar Ingila, irin mai 'yan guduma biyu a waje da ake ja baya da babban yatsa. Lasisi na nan, kuma ban sa mata harsashi ba.

Ta hagu lafiya lau, tana yin ƙas sau biyu ta tsaya. Ta dama ce ta hana ni barci: da na ja ta baya sai ta zame ta faɗi da kanta, ko kunama ban taɓa ba.

Na kwance farantin ƙarfen gefen da gudumar ke jikinsa, na jiƙa shi kwana 2 a kananzir, na goge tsatsa, na sa mai. Shiru. Na kai wa wani maƙeri ya goga magagari a bakin ƙugiyar da ke riƙe gudumar, gyaran gangar auzinawa kawai ya yi mini, ko tsayawar farko yanzu babu. Sifirin kuwa da ƙarfinsa.

Ƙugiyar da aka riga aka ci bakinta haka tana gyaruwa, ko sai an ƙera sabuwa?