Hankali Kaɗai Ya Isa Ya Raba Daidai da Kuskure?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Maganar da aka jefo mana yau: "Hankali kaɗai ya isa ya raba daidai da kuskure, zuciya sai dai ta ɓata lissafi." Bismillah, amma ban da zagi.

Malamin Lissafi: Ni dai ina bayan maganar nan. Ku duba misalin da masaniyar falsafa Philippa Foot ta kawo a 1967: tarago ya ƙwace, mutum biyar na kan layin da yake bi, mutum ɗaya na kan layin gefe. Ka karkatar da shi, ɗaya ya mutu, biyar su tsira. Ina abin gardama?

Malama: Malam, ƙarasa labarin mana. Wata masaniyar falsafar, Judith Thomson, ta juya shi a 1985: kana kan gada, babu abin da zai tare taragon sai ka hankaɗa wani ƙaton mutum da ke tsaye kusa da kai. Har yanzu biyar da ɗaya ne. Za ka hankaɗa shi?

Malamin Lissafi: A'a, wannan daban.

Malama: Daban ta ina? Lissafin bai motsa ba. Hannunka ne ya ƙi.

Ɗalibi: Gafarta Malam, har masanin falsafa Kant, uban masu bin hankali, sai da ya ce a 1797 ko mai kisa ne ya tsaya a ƙofarka yana tambayar abokinka da ya ɓuya a ciki, bai halatta ka yi masa ƙarya ba. Ni kam wallahi sai in ce masa ya fita tun safe.

Dattijo: Yaran nan, gardamar ta girme ku, tun mazhabobin aƙida na Musulunci sun yi ta. Mu'utazilawa sun ce hankali na iya gane kyau da muni da kansa, Ash'arawa suka ce sai da shari'a ake sanin abin da za a yi wa mutum lada ko azaba a kansa. Shekara sama da dubu ke nan, ku kuna so ku gama kafin dare.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, bari in sa baki, don ni abin ya same ni a hannu. Wani dare tukunyar oksijin ɗaya ta rage, marasa lafiya biyu. Yarinya tana ta kuka, uwarta ta cafke gefen rigata ta ƙi saki. Can lungu wani tsoho kwance shiru, ba kowa a kansa. Na maƙala musu na'urar auna oksijin na jini a yatsa: na yarinya kashi 94, na tsoho ya faɗi zuwa kashi 81. Zuciyata kaf tana wajen yarinyar. Na ja tukunyar na kai wa tsohon, uwar tana bi na da harara.

Malamin Lissafi: To kun ji! Hankali ya yi aikinsa.

Ma'aikaciyar Jinya: Dakata, Malam. Na'urar ta gaya mini wanda ya fi buƙata, ba ita ta sa na damu da ransa ba. Tausayin da ma yana nan, sai dai yana da son kai, mai kuka kusa yake fara gani. Hankali ne ya juya masa kai zuwa lungun.

Malama: Ai kusan abin da masanin falsafa Hume ya faɗa ke nan, wai hankali bawan sha'awar zuciya ne.

Ma'aikaciyar Jinya: Bawan da ya hana uwargijiyarsa abin da take so a daren nan? Anya kuwa, Malama?

Ɗalibi: Anti, yarinyar fa?

Ma'aikaciyar Jinya: Kwana biyu aka sallame ta. Uwar ko sallama ba ta yi mini ba.